Hoton Kakanmu Da Tarihin Katsinawan Gwanja

Da Edita ya matsa mini in kawo wani abu na tarihi, sai na fara tunanin Ganuwar Katsina ko Hasumiyar Gobarau kamar yadda aka saba. Daga baya na ga waɗannan an rubuta su an ƙara, kuma a cikinku akwai waɗanda suka fi ni saninsu nesa ba kusa ba. Don haka na ga gara in ba ku labarin wani ɗan tsohon hoto wanda bai fi tafin hannu ba, wanda ya yi shekara 50 da 'yan kai a ƙasan adakar gwaggona, wanda kuma da muka tashi gyara shi saura ƙiris mu kashe gaskiyar da ya ɗauko mana tun daga ƙasar Gana.

Baƙuwar Da Ta Zo Da Hunturu

Ranar 18 ga Nuwamba, 1969, gwamnatin Firayim Minista Kofi Busia ta Gana ta kafa doka cewa duk baƙon da ba shi da takardar izinin zama ya same ta cikin mako 2, ko kuwa ya bar ƙasar. Dubun dubatar 'yan Nijeriya da na Nijar suka kwaso abin da za su iya ɗauka suka kamo hanya, alhali kuwa da yawansu can aka haife su, ba su taɓa ganin garin da ake cewa nasu ne ba. A lokacin Nijeriya tana cikin Yaƙin Basasa, Katsina tana cikin Jihar Arewa ta Tsakiya, Sarki Usman Nagogo yana kan gado, ni kuwa ina firamare.

Cikin hunturun shekarar nan wata mata ta yi sallama a zaurenmu da 'ya'ya biyu da adaka ɗaya da naɗin tabarma. Ta ce ita 'yar kakanmu ce, wato ƙanwar mahaifina da suke uba ɗaya, daga Ankara take. Ankara a bakin Hausawan da ita ce Akara, babban birnin Gana, ba ta Turkiyya ba. Mu yara abin da ya fara ba mu dariya shi ne Hausarta, don irin ta zangunan Gana ce wadda ba ta raba namiji da mace, sai ka ji ta ce yarinya ya zo. Ga shi kuma fuskarta sumul, babu askar gidanmu ko ɗaya.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, bai kore ta ba. Ya ba ta ɗaki, ya ci da ita da 'ya'yanta, ya aurar da su da girma ya zo. Amma har ya koma ga Mahaliccinsa bai taɓa kiran ta ƙanwarsa ba, kuma da aka zo maganar rabon gidan gado ba a sa sunanta ba. Dalilinsa shi ne ubansa ya fita yana jariri, bai dawo ba, bai aiko ba, har alƙali ya raba auren mahaifiyarsa. In an ta da zancen sai ya ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Ranar da ta fito da hoton don ta nuna masa, ko kallonsa bai yi ba. Ita kuwa ta mayar da abinta adaka, ba ta ƙara ta da maganar ba.

Garin Neman Gira

Ba a daɗe ba da ruwan damina ya shiga ɗakin Gwaggo, wadda yanzu ta haura shekara 90, aka fito da kayanta don a shanya. A nan ɗana ya ci karo da hoton. Yana cikin firam na katako, gilashin ya yi hazo, gara ta ci gefe ɗaya, takardar ta koma ruwan ƙasa. Da ƙyar ake gane dattijo a zaune da rawani da babbar riga, da wata 'yar yarinya tsaye ta dafa gwiwarsa.

Yaron nan, da kyakkyawar niyya, ya ɗauki hoton da wayarsa ya kai wani shago inda ake gyaran hotuna da manhajar nan mai ƙirƙirarriyar basira. Kafin la'asar ya dawo da hoto mai launi, tas da shi, rawani fari fat, fuska tana sheƙi kamar ta jaruman finafinan Indiya. Duk gida aka yi ta sha'awa. Da aka kai wa Gwaggo, ta kawo shi kusa da idonta, ta daɗe tana dubawa, sannan ta miƙo mini ta ce, "Ɗan nan, wannan kam ba Baba ba ne. Ina askarsa?"

Sai a lokacin na lura. Irin wannan manhaja ba ta san mutumin da ke cikin hoto ba. An horar da ita da ɗimbin fuskokin wasu mutane, saboda haka inda hoto ya dushe sai ta cike gurbin da abin da take zato ya dace. Tsagar da wanzami ya yi wa kakanmu ta ɗauke ta a matsayin ƙarzuwar takarda, ta goge ta ƙarƙaf. Wato garin neman gira mun kusa rasa ido.

Sai muka koma wa na asali da natsuwa. Wani tsohon mai ɗaukar hoto a cikin gari, wanda ya yi aiki tun zamanin wanke hoto a ɗaki mai duhu, ya hana mu ɓamɓare takardar daga gilashi, don wani ɓangarenta ya manne, in an ja fuskar za ta biyo gilashin. Ya goge gilashin ta waje, ya ɗora shi a kan sikana yadda yake, ya kwafe shi da ƙuduri mai yawa. A kwamfuta bai ƙara kome ba, bai rage kome ba, illa ya ƙarfafa duhun baƙi da hasken fari a hankali. Kamar wasa sai ga tsage-tsagen suna fitowa a kumatun dattijon, da bille a gefen hanci, daidai wa daida da waɗanda na tashi ina gani a fuskar mahaifina.

Bai tsaya nan ba. Ya zare ƙusoshin bayan firam ɗin ya ɗaga kwalin da aka danne hoton da shi, sai ga bayan takardar irin na katin wasiƙa, yadda masu hoto na wancan zamani suka saba bugawa, cike da rubutun ajami da tawadar da ta koɗe. Tun ranar da aka rufe firam ɗin nan babu wanda ya ga rubutun, har ita Gwaggo ba ta san da shi ba. Kafin in gaya muku abin da ke ciki, bari mu bi sawun mutumin tukuna, don sai an san hanyar da ya bi sannan za a fahimci maganarsa.

Hanyar Gwanja

Malaminmu na Tarihi ya sa mun haddace cinikin hamada, da Agadas da Gat da Tarabulus, har muna iya zana taswirarsa ido rufe. Amma akwai wata hanya ta biyu wadda ta fi shafar gidajen talakawa, ita ce hanyar Gwanja, hanyar goro. Goro ba ya yi a ƙasarmu. Wanda Bahaushe ya fi so a kurmin Tonawa yake fitowa, wato ƙasar Asante, a kawo shi kasuwar Salaga ta ƙasar Gwanja, inda fatake suke saye.

Ayari yakan tashi da kaka, in ruwa ya ɗauke, a ƙarƙashin madugu, da jagaba mai nuna hanya, da uban dawaki. Sukan ɗauki kanwa da fatu da baƙaƙen tufafin rini da gabu, su yi yamma ta ƙasar Zamfara da Kabi, su ƙetare Kwara ta wajen Yawuri ko Ilo, su ratsa Bargu ta Nikki da Jugu, su bi ta Sansanin Mango da Yandi, sannan su sauka Salaga. Tafiya ce ta watanni, wani lokaci zuwa da dawowa ya ci shekara guda. A kan dawowa goro a naɗe yake cikin ganye, ana lissafinsa ƙwarya-ƙwarya, kowace ƙwarya goro 100, kuma dole a riƙa kwance huhu ana yayyafa ruwa ana tsince mai sankara, in ba haka ba ɗaya ya ɓata saura. A 1826 Baturen nan Clapperton ya gamu da irin wannan ayari a Kayama yana dawowa daga Gwanja, mutum fiye da 1,000 maza da mata. Duk inda ayari ya saba yada zango, a hankali wurin yakan zama unguwa, shi ya sa har yau unguwannin Musulmi baƙi a Gana sunansu zango.

Amma kafin kakanmu ya fita, wannan hanya ta fara canjawa. A 1874 Ingilishi suka ci Tonawa da yaƙi suka ƙone Kumasi, Salaga ta ɓalle daga hannunsu, cinikin goro ya fara komawa wasu kasuwanni irin su Kintampo. A 1892 yaƙin basasa ya tashi a Salaga, Hausawanta suka watse. Cikin waɗanda suka bar ta har da shahararren malamin nan Alhaji Umaru, haifaffen Kano, wanda ya koma Kete Karachi ya zauna har ya rasu a 1934. A 1903, shekarar da Lugard ya shigo Katsina, jirgin ƙasa ya isa Kumasi daga Sekondi a bakin teku, a 1911 kuma dogo ya iso Kano daga kudu. Daga nan goro ya fara bin jirgin ruwa zuwa Ikko, ya hau jirgin ƙasa zuwa Arewa, jakuna suka fara rasa aiki. Alhassan Ɗantata, wanda ya yi zama a Gwal Kwas, yana cikin waɗanda suka fara gane amfanin wannan sabuwar hanya. Daɗin daɗawa ga koko, wanda a 1911 Gwal Kwas ta zama kan gaba a duniya wajen fitar da shi, gonakinsa kuwa suna neman ma'aikata.

Me Ya Fitar Da Shi?

Abin da aka riƙe a gidanmu shi ne ya fita bayan sunan mahaifina da 'yan kwanaki, a shekarar babbar yunwa. Wannan ita ce yunwar da ta biyo bayan ƙarancin ruwan damina ta 1913, ta yi tsanani a 1914, zamanin Sarki Muhammadu Dikko, wadda tsofaffi suke kira Kakalaba. Rumbuna sun ƙare, ga haraji wanda Turawa suke so a biya da kuɗinsu. Saurayin da ba shi da jaki ko jari abin da ya rage masa shi ne ƙarfinsa. Kakanmu ya bi wasu fatake a matsayin ɗan alaro, da niyyar ya yi rani ɗaya ya dawo da abin sayen hatsi.

Na nemi sunansa inda ake neman irin waɗannan abubuwa. Takardun Turawa da ke ajiye a Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa a Kaduna suna da amfani ƙwarai wajen sanin haraji da farashin gero da yawan dabbobi, amma ba a rubuta su don a riƙe sunan ɗan alaro ba. Tarihin irin waɗannan mutane a bakin tsofaffin mata yake. Saboda haka na ɗauki tabarma na zauna gaban Gwaggo dare bayan dare, abin da ya kamata in yi tun shekaru 30 da suka wuce.

Ga abin da ta ji daga bakinsa da na mahaifiyarta. Ya tarar Salaga ta zama kufai in an kwatanta da labarinta da ya ji, sai ya wuce Kumasi, ya shiga hannun wani maigida a zango yana ɗaure masa huhu. Bayan 'yan shekaru maigidan ya amince da shi, ya ba shi goro bashi ya kai Ikko ta jirgin ruwa, daga can ya wuce gida. Jirgi ya yi jinkiri, zafi ya bugi kayan, sankara ta shiga, kafin a sauke goron ya lalace. Ya tsaya a Ikko da hanyoyi biyu a gabansa. Zai iya hawa jirgin ƙasa ya yi Arewa, inda mai bin bashi ba zai taɓa samunsa ba, ko kuwa ya koma ya fuskanci wanda ya ba shi amana. Ya koma. Ya yi shekaru yana biya da kaɗan-kaɗan. Kafin ya gama, labari ya iso masa ta bakin fatake cewa an raba aurensa, matar ta yi wani, sai kunya ta ɗaure masa ƙafa.

Daga Kumasi ya gangara Ankara, kuma ba banza ya zaɓi unguwar da ya sauka ba. A ƙarshen ƙarni na 19 wani malami Bakatsine, Malam Idrisu Naino, ya kafa zango a tsakiyar garin. Ɗansa Malam Baƙo shi ya fita da jama'arsa a farkon ƙarni na 20 ya kafa Sabon Zango, wadda har gobe tana nan, har wata masaniya Ba'amurkiya mai suna Deborah Pellow ta rubuta littafi guda a kanta a 2002. Wato Bakatsinen da ya isa Ankara a wancan lokaci ba cikin baƙi ya faɗa ba. A nan kakanmu ya zauna yana ɗinkin riga da hula, ya yi aure, aka haifi Gwaggo. Ya rasu kafin Gana ta sami 'yancin kai ranar 6 ga Maris, 1957, can aka rufe shi.

Ita ce ma ta ba mu lokacin da aka ɗauki hoton. Ta ce abu na farko da take tunawa a rayuwarta shi ne daren da ƙasa ta girgiza aka kwana a waje, kuma a sallar da ta biyo baya ne Baba ya kai ta gidan mai hoto. Girgizar ƙasar Ankara kuwa sananniya ce, ranar 22 ga Yuni, 1939 aka yi ta. Ashe 'yar yarinyar da ta dafa gwiwarsa ita ce.

Abin Da Ke Bayan Takarda

Rubutun ajamin mun kai wa wani malamin zaure a unguwarmu, ya karanta shi da taimakon hasken tocila da muka karkata a gefe don sawun alƙalami ya fito. Wasiƙa ce gajeriya zuwa ga ɗansa da ya bari a Katsina. Ya ambaci sunan yaron, da sunan unguwarmu, da sunan wanzamin da ya yi masa aska. Ya ce wannan da ke tsaye ƙanwarsa ce, in Allah ya haɗa su ya riƙe ta. Ya ce bashi ne ya tsare shi, ya biya, yana neman gafara. Me ya hana a aiko da hoton, Gwaggo tana jin wanda aka shirya zai kawo shi ne ya fasa tafiya, ganin a watan Satumba na shekarar Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke. Daga baya aka sa shi a firam aka rataye, wasiƙar ta koma fuskantar bango.

Wato saƙon ya iso gidan da aka aiko shi tun 1969, ya kwana ɗaki ɗaya tsakaninsa da wanda aka rubuta wa har tsawon rayuwarsa, ba a buɗe ba. Lalle rashin sani ya fi dare duhu. Ba na ganin laifin mahaifina, don wanda ya tashi babu uba shi ya san abin da ya ji. Laifin da nake gani namu ne, mu da aka kai makaranta, muka ci jarrabawar Tarihi, muka iya ba da labarin Mansa Musa da Askiya, amma ba mu taɓa tambayar tsohuwar da ke cikin gidanmu daga ina ta fito ba.

Da aka karanta wa Gwaggo wasiƙar ba ta yi kuka ba, ta ce a sake karanta mata inda ya ce ƙanwarsa. Bayan sati biyu muka taru mu 'ya'yan mahaifina, aka kira malamai aka sake lissafin gidan, aka fitar mata da rabonta. Ta ce ita a shekarunta ba ɗaki take nema ba, a rubuta wa jikokinta, su san nan gidansu ne. A 1983, lokacin da gwamnatin Shehu Shagari ta kori baƙi marasa takardu, 'yan Gana masu yawan gaske suka fita da kayansu cikin jakar nan da har yau ake kira da sunansu, na tuna ita kaɗai ce a gidanmu ba ta yi dariya ba. Sai yanzu na gane dalili.

Kira Ga 'Yan'uwa

Na tabbata gidanmu ba shi kaɗai ba ne. A birnin nan da wuya ka sami zuri'ar da ba ta da wanda ya tafi Gwanja, ko Ikko, ko ya bi hanyar gabas da ƙafa don aikin Hajji ya tsaya a Sudan. Da yawanku kuna da irin wannan hoto a ƙasan akwati. Shawarata ita ce kada ku sa shi a leda a narke da zafi, abin da ake kira lamineshan, don ba ya ɓaruwa kuma yana cin hoto. Kada ku liƙa masa salatif, kada ku wanke shi, kada ku ja shi in ya manne da gilashi. A kwafe gaba da baya da sikana, a ajiye kwafin farko yadda ya fito ba tare da an taɓa shi ba, in ana son mai launi don ado a yi shi daban, a kuma san ado ne. Na asalin a naɗe shi a farar takarda a ajiye inda laima da rana ba sa kaiwa. Sunayen waɗanda ke ciki a rubuta da fensir, ban da biro.

Abin da ya fi wannan duka shi ne ku je wurin tsofaffi tun suna da rai. Hoto ba ya magana sai da wanda ya san mai shi. Da Gwaggo ta riga mu gidan gaskiya kafin ruwan nan ya shiga ɗakinta, da yanzu hoton wani kyakkyawan baƙo ne yake rataye a falona, ina nuna wa jikokina ina ce musu kakansu ne. Ina roƙon shugabanninmu, a taronmu na shekara mai zuwa, a ware tebur guda kowa ya zo da tsohon hoton gidansu, mu nemi masu sikana su kwafe mana, mu rubuta abin da aka sani a kan kowanne.

Allah ya jiƙan magabatanmu, na gida da waɗanda ƙasa ta rufe a nesa, ya ƙara wa malamanmu lafiya, ya bar mu da zumunci. Wassalam.